Hasina Mai Yaɓe da Layin Ruwa

Duk wanda ya sauka daga motar Sinja a bakin Wad Jatau ya tambayi gidan Hasina, za a ce masa wace Hasina, don su uku ne a garin. Amma in ya ce Hasina mai yaɓe, to ko akuya ya tambaya za ta nuna masa hanya. Garin kashi biyu ne, Tudu da Gangare. Sai a bi Gangare, a wuce injin niƙa, a yi ta sauka har gida na ƙarshe, daidai bakin kwarin da ke zuba ruwansa cikin Bahar, wato babban kogin nan da ke wucewa ta Mai Wurno ya nufi Sinnar. Nan Hasina ta yi shekara arba'in da 'yan kai.

Gajeruwa ce, kakkaura, mai murya. In ta yi sallama a ƙofar gida, maƙwabta uku ne ke amsawa. Tafin hannunta kuwa kamar bayan kaskon kisra, wato wainar dawa ta ƙasar nan, ko ƙaya ta taka shi sai dai ƙayar ta ji jiki. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso a ƙafa da niyyar Makka, suka ya da zango a bakin Bahar don su noma guzuri, kuma har yau jikokinsu ba su gama noman guzurin nan ba.

Tana da shekara tara goggonta Ruqaya ta fara jan ta wurin aiki. A ƙasar nan ba a barin bangon laka tsirara ya shiga damina. Sai an shafe shi da zibala: kashin jaki da na shanu ne ake haɗawa da ƙasa da ƙaiƙayi, a jiƙa shi kwanaki har ya ruɓe, warinsa ya kori kowa ban da mai aikin. Goggo Ruqaya ba ta koyarwa da baki. In shafi ya yi kauri sai ta kankare, in ya yi siriri ta kankare, ba ta ce uffan ba. Haka Hasina ta koya. Kafin ta yi aure ta fi goggon hannu, abin da goggon ba ta taɓa yarda da shi ba har ta koma ga Allah.

Mijinta Ɗanjuma masunci ne, mutum mai shiru-shiru, wanda mutane ke cewa Allah ne ya haɗa su don gidan ya samu wanda zai saurara. Shi ya gina mata ɗaki a bakin kwarin. Ya yi wani abu da ba a saba ba: ya riƙa kwaso jan bulo cikin kwalekwalensa daga matoya ta ƙetare, kaɗan-kaɗan, har ya ɗora ginin a kai. Aka yi ta yi masa dariya, wai masunci zai yi gidan hukuma. Da ruwan shekarar tamanin da takwas ya zo ya kwashe rabin Gangare, ɗakin nan bai motsa ba, masu dariya suka yi tsit. Ɗanjuma ya rasu shekara goma sha ɗaya kafin abin da za mu faɗa. Hasina tana son ɗakin nan so na gaske, ba ta kuma ɓoye wa kowa.

Sai ga ruwan dubu biyu da ashirin. Wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Gidaje talatin da wani abu suka zube a Gangare, waɗanda suka tsaya kuma suka sha ruwa suka ƙoshi. Kwana goma sha tara Hasina ta yi a makarantar da ke Tudu, ita da akuyoyinta biyu da buhun dawa ɗaya. A nan ɗanta Tariq ya same ta. Makanike ne a Sinnar, yana da mata da 'ya'ya da ɗaki a bene wanda ya daɗe yana cewa na Inna ne.

Hasina ta san ɗakin. Ta taɓa kwana uku a ciki. Siminti ne sama da ƙasa, sumul, ta shafa bangon ta ga ba abin da yake nema a wurin mutum. Ba maƙwabciyar da za a yi wa magana ta kan katanga, ba kogi, ba mai jin Hausa sai in an sauka ƙasa an yi tafiya. Ran na huɗu ta ɗaure kayanta tun kafin a dafa shayi.

"Inna," in ji Tariq, idonsa ja wur, "wannan karon ba roƙo nake ba. Ba zan zauna a Sinnar ina jiran a bugo mini waya a ce ruwa ya tafi da ke ba."

"Ruwa ya san ni, na san shi."

"To ki saurara. In damina mai zuwa ta kama ba a yi wa ruwan nan wani abu ba, zan zo da mota, ki shiga ba gardama. Kin yarda?"

A gajiye take, ga zazzaɓi, ga baƙin ciki. Ta ce ta yarda. Kuma matsalar Hasina ke nan: in ta ce ta yarda, ko za a yanka ta ba ta sauyawa. Ta koma gida ta kwashe taɓo, ta gyara ɗakinta, tana lissafin watannin da suka rage mata a Wad Jatau.

Ana cikin sanyi takarda ta zo wa shehun gari, wato dagaci. Shehu Yahya ƙanen marigayi Ɗanjuma ne, dogon mutum mai son rawani da manyan kalmomi. Bayan sallar Juma'a ya karanta wa jama'a: gwamnati za ta turo injiniyoyi zuwa ƙauyukan da ba su da ƙarfin tsara wa kansu maganin ambaliya. Za su zauna da mutane a zana inda za a ɗaga taras, wato doguwar gaɓar ƙasa mai tare ruwa, da inda za a haƙa magudana, da inda jama'a za su gudu in abu ya ɓaci. Ƙauye goma sha ɗaya ne a takarda, amma bana da huɗu za a fara, waɗanda suka fi shiga haɗari. Baƙin za su iso nan da kwana goma.

To, a nan ne Wad Jatau ta yi abin da Wad Jatau kaɗai za ta yi. A garin nan ba a nuna wa baƙo bango mai rauni. Amarya za ta zo, a yi yaɓe. Alhaji zai dawo, a yi yaɓe. Balle hukuma. Mutanen da aka daɗe ana yi wa kallon 'yan zango sun gaji wannan daga iyaye: in ma'aikaci zai zo, a nuna masa cewa nan gari ne zaunanne, na mutane masu mutunci, ba na masu shirin tashi gobe ba. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da injiniya zai zo dubawa.

Washegari da hantsi Shehu Yahya ya yi sallama a gidan Hasina.

"Matar yaya, garin nan ya zama abin kunya. Duk bangon da ka duba, ga zane baƙi ya ratsa shi, ga gishiri ya fito fari fat. Haka za mu karɓi baƙin gwamnati?"

"Yau ka gani? Wata huɗu ina faɗa, kana gyaran rawani."

"Kwana tara gare ki."

"Kwana tara! Yahya, jakunanmu nawa ne? Ko kai za ka taimaka musu?"

Ya yi dariya har da tari. Amma zuciyar Hasina ta riga ta yi fari. A ganinta, ga ƙofa Allah ya buɗe: in baƙi suka ga gari tsaf, suka ga mutanen kirki ne, za su ba su taras, ita kuma ta tsira daga benen Sinnar.

Ba a taɓa yaɓe irin na kwanakin nan ba. Mata goma sha huɗu ta tara, ta raba su unguwa-unguwa. Zibala ta yi ƙaranci tun rana ta uku, har aka tura amalanke ƙauyen gaba roƙon kashin shanu, mutanen can suna tambaya ko wani sabon magani ne aka gano. Jakin da ya ɗaga wutsiya a Wad Jatau a makon nan, kafin ya sauke ta mace biyu sun iso da kwano. Hasina tana gaba, zane ɗaure a ƙugu, tana kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa, tana cikewa, tana shafewa, tana faɗa. Aminiyarta Rabi'atu ta ce bayanta ya ƙage, Hasina ta ce ya ƙage bayan baƙi sun tafi. Ran na takwas aka bi da farar ƙasa. Ran na tara garin yana ƙyalli tun daga bakin titi, ba ka ce ruwa ya taɓa sanin hanyarsa ba.

Baƙin suka iso da safe cikin farar mota. Shugabarsu mace ce, abin da ya sa rawanin Shehu ya ɗan karkace. Sunanta Mawada, 'yar garin Madani, siririya mai tabarau, da takalman roba har gwiwa. Ba ta jin Hausa ban da "sannu", amma wannan ba matsala ba ce, kowa a garin yana jin Larabci. Tana da doguwar sanda mai lambobi, da na'ura mai ƙafa uku, da taswira naɗe a hammata.

An yanka rago. An kawo kisra da miya, an bi da shayi, an bi da gahawa. Sai da aka gama duk wannan a rumfar ƙofar gidan Shehu ta samu ta yi tambayarta.

"Iyayena, ruwan bara ina ya kai muku?"

"Alhamdu lillahi," in ji dattawa baki ɗaya.

"Na'am, alhamdu lillahi. Amma ina ya tsaya? Gwiwa? Ƙugu?"

Malam Salih mai injin niƙa, wanda ruwa ya cinye masa buhu goma sha biyu da katanga, ya gyara zama ya ce, "Ya ɗan taɓa mu, ya wuce. Mu ba mu da kuka."

Haka ake yi. Ba a kai wa baƙo ƙara da nama a bakinsa. Mawada ta rubuta, ta ɗauki sandarta ta shiga gari. Ta tsaya gaban wannan bango ta duba, ta shafa, ta wuce na gaba, ta durƙusa, ta shafa. Hasina tana biye daga nesa ita da Rabi'atu, ƙirjinta kamar ya fashe don daɗi.

"Kin gani ko? Yarinyar ga ta san aiki. Dubi yadda take shafawa."

Da azahar aka kai baƙuwar gidan Rabi'atu ta yi salla. Hasina ce ta zuba mata ruwa a buta. Da ta idar, tana ɗaure takalmi, ta ce, "Hala, wa ya yi yaɓen garin nan?" Hala shi ne yadda suke ce wa babbar mace, kamar a ce inna.

Hasina ta gyara mayafi. "Ga ta gabanki, ɗiyata."

"Ma sha Allah. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kun kuma yi sa'a, wallahi. Ƙauyen da muka je jiya, layin ruwa a bangonsu har kafaɗata."

"Layin mi?"

"Layin ruwa. Zanen da yake bari a bango inda ya tsaya. Shi nake nema tun safe. Na'urata tana gaya mini tsawon ƙasa, amma ba ta san inda ruwa ya kai ba. Hoton da aka ɗauka daga sama a makon ambaliya kuwa duk gajimare ne. Bango kaɗai ke ba ni shaida. Nan ban ga layi ko ɗaya ba, dattawa kuma sun ce ya ɗan taɓa ku ne. Abin da na gani shi zan rubuta."

"In kin rubuta haka, sai mi?"

"Sai ku koma ƙarshen jeri. A fara da waɗanda suka fi shan wuya."

"Ƙarshen jerin yaushe ne?"

"Shekara biyu, ko uku. Allah masani."

Hasina ta nemi wuri ta zauna a bakin turmi. Ta dubi tafin hannunta, ta juya shi, ta sake duba. Kunya da haushi suka taso mata tare.

"Inna lillahi," ta ce da Hausa. "Rabi, kin ji? Da hannuna na sa kaina a motar Sinnar. Kwana tara ina shafe shaida!"

Ta miƙe. Ta fizgi fartanyar da ke jingine a bayan ƙofa ta fita. Maza suna nan a rumfa ana zagaye na biyu na gahawa. Ta ratsa su ba ko sallama, ta tsaya gaban katangar gidan Shehu, wadda ta fi kowace kyau don ita da kanta ta shafe ta sau biyu. Ta ɗaga fartanya ta sara.

"Subhanallahi!" Shehu Yahya ya miƙe, gahawa ta zube masa a riga. "Matar yaya, kin haukace?"

"Ni da kai munka haukace, yau kwana tara. Yanzu ne na warke. Matsa!"

Sara uku, sabon yaɓe ya ɓare ya faɗo. A ƙarƙashinsa ga tsohon bango, ga zane baƙi ya miƙe sak, da farin gishiri a samansa, daidai gwiwar mutum. Mawada, wadda ta biyo ta da gudu takalmi ɗaya a kwance, ta yi wata ƙara ta murna da ba ta dace da ma'aikaciyar gwamnati ba. Ta kafa sanda, ta karanta lamba, ta ɗauki hoto.

"Akwai wasu, hala?"

"Akwai wasu? Ɗiyata, gari guda na binne. Biyo ni."

Ta juya ga dattawa ta zayyana musu da Hausa abin da baƙuwa ta ce, ba ta rage komai ba, har ta ƙara da nata. Sai Shehu ya cire rawani ya share fuska da shi, ya fashe da dariya, sauran suka bi.

Daga nan abin ya zama biki. Hasina a gaba da fartanya, Mawada a baya da sanda, gari duka a bayansu. Ba ta lalube. Kowane bango ta san inda ta kankare ruɓa, ta san inda hannunta ya nutse. Ta zo, ta ƙwanƙwasa da ƙota, ta ce "nan", ta sara, layi ya fito. Matan da suka sha wahalar shafi suna salati suna dariya, Rabi'atu tana cewa a mayar mata da bayanta. Da ana sauka Gangare layin yana hawa: gwiwa, cinya, ƙugu. Bakin maza kuma ya buɗe. Malam Salih, wanda ruwa ya ɗan taɓa ɗazu, yanzu ya rantse da tarwaɗa ya tashi a kan gadonsa. Wani ya ce shi da kwalekwale ya shiga ɗakin matarsa. Sai da Mawada ta roƙe su a bar bango ya yi magana.

Wajen la'asar suka iso layin ƙarshe, gidaje biyar na bakin kwari. Huɗu sababbin gini ne, tsofaffin sun zube gaba ɗaya, ba abin da za a karanta a jikinsu. Saura na Hasina. Mawada ta shimfiɗa taswira a kan amalanke, ta daɗe tana duba lambobinta, murnar fuskarta ta ragu. Ta kira Shehu da Hasina gefe.

"Akwai abin da nake zargi. Layin yana hawa da sauri ta wannan ɓangaren. Ina jin ba Bahar kaɗai ya ci ku ba. In ya cika, kwarin nan ba ya samun inda zai zuba, sai ya kumbura ya dawo muku ta baya. In ruwa a nan bai wuce ƙirji ba, taras zai iya zagaye gidajen nan biyar, kowa ya zauna inda yake. In kuwa ya wuce kan mutum, dole a bar wa kwarin baki ya buɗe. Taras ya bi ta bayansu, su kuma a ba su wuri a Tudu."

Ba ta san gidan wa ke gabanta ba. Shehu ya sani. Ya dubi matar yayansa, ya sunkuyar da kai.

Hasina ta san bangon ɗakin nan fiye da fuskarta. Layi biyu ne a jikinsa. Na tamanin da takwas yana daidai ƙirji. Na bara yana saman taga. Ita ta shafe su, hawa uku, kuma ban da ita da Allah ba wanda ya san wanne ne wanne, don ranar da ruwan ya kai ƙarshensa kowa yana Tudu.

"Ɗiyata," ta ce a hankali, "in aka nuna miki ƙasa da inda ya kai fa?"

"Sai mu gina taras inda ruwa zai cinye shi. Ga mutane a bayansa sun saki jiki, sun daina gudu. Gara babu taras da wannan."

Hasina ta shiga ɗaki, Mawada ta bi ta. Ga gadon igiya, ga akwatin ƙarfe, ga ragar kifin Ɗanjuma rataye a ƙusa. Ta sara daidai ƙirji. Layi ya fito, ya ɗan koɗe. Mawada ta auna, ta yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ashe zargina ne kawai. Gidajen za su tsaya."

Ta rufe littafinta ta juya. Har ta sa ƙafa a bakin ƙofa. Hasina tana tsaye da fartanya, tana jin muryoyin matan Gangare a waje suna ta raha, Rabi'atu ta fi kowa. Gida arba'in ne a bayan nata.

"Tsaya," ta ce. "Wanga na tamanin da takwas ne."

Ta jawo akwatin ƙarfe ta hau. Ta miƙa hannu can saman taga ta sara, ta sake sara. Yaɓe ya zubo mata a ka. Layin bara ya fito baƙi ƙirin, ya fi Mawada tsawo da taƙi guda.

Mawada ta dube shi, ta dubi gadon, ta dubi ragar. Sai yanzu ta gane.

"Hala, ɗakinki ne?"

"Auna, ɗiyata. Rana na faɗuwa."

Ta auna. Hasina ta sauko daga akwati ta zauna a kansa ta yi kuka, kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Mawada ta ajiye sanda ta zauna kusa da ita a ƙasa. Ba su daɗe ba, don Hasina ba ta iya daɗewa a kan abu ɗaya. Ta share ido da gefen mayafi ta ce su fita kafin a ce baƙuwar gwamnati ta ɓata.

Wad Jatau ta zo ta biyu cikin huɗun farko. Mawada ta dawo sau shida, kowane zuwa sai an shimfiɗa taswira a ajin makaranta an yi gardama. An kafa kwamiti, Shehu ya ce maza tara, Mawada ta ce ba ta zama sai da Hasina, suka zama goma. A nan aka tsayar da hanyar taras, da magudana biyu, da wanda zai riƙa duba ma'aunin da aka kafa a bakin Bahar yana sanarwa ta lasifikar masallaci. Hasina ta kawo nata: duk sabon gini a Gangare a ɗora shi kan bulo ko dutse, kuma kada a sake shafe layin ruwa a bango ɗaya na kowace unguwa, ko wa zai zo. Gwamnati ta ba da motar tura ƙasa ta kwana goma sha biyu da buhuna. Sauran aikin gayya ce, maza da kwando, mata da tulu. Ba a gama da wuri ba, amma an gama kafin hadari na farko.

Gidaje biyar suka koma Tudu, kusa da makaranta. Hasina ta hana mota taɓa ɗakinta, ita ta rushe shi da hannunta cikin kwana huɗu. Da Tariq ya ji, ya bugo waya yana cewa tunda gidan ma babu, ai magana ta ƙare, ta shirya.

"Kai, ɗan nan, mi munka yi da kai? Ka ce in ba a yi wa ruwa wani abu ba. An yi ko ba a yi ba?"

"An yi, amma Inna..."

"To ka zo ran Juma'a da tsofaffin kaya, akwai kwaɓa."

Ya zo. Ya kwaɓa laka kwana biyu yana gunaguni, ya koma Sinnar da ciwon baya.

A watan takwas Bahar ya cika. Ran wata Talata da hantsi lasifika ta yi magana, mutane suka fito suka jeru a kan taras. Kwarin ya kumbura kamar yadda Mawada ta ce, jan ruwa mai kumfa, ɗauke da itace da kara. Ya zo ya daki gindin taras, ya juya, ya bi bakin da aka buɗe masa, ya shimfiɗu a kan filin gidajen nan biyar. A bayan taras kuwa Gangare a bushe, kaji na kiwo, injin Malam Salih na ta ƙara. Mata suka rangaɗa guɗa.

Hasina ba ta yi guɗa ba. Ta tsaya tana kallon wani wuri a tsakiyar ruwan, inda ba abin da ake gani sai kumfa tana juyawa. Daɗi ya cika ta, kewa ma ta cika ta, ba ta san wanne ya fi ba. Wayarta ta yi ƙara a ƙullin zane. Tariq ne.

"Inna, an ce Bahar ya cika. Ina ruwan yake?"

"Ga shi nan yana wucewa ta cikin ɗakina."

"Inna lillahi! Ke kina ina?"

Ta waiwaya ta dubi garin, Tudu da Gangare, duk a tsaye.

"Ina gida," ta ce.